Ɗinkin rauni da gyaran fata a jikin dabbobi

Ɗinkin rauni shi ne aikin da likitan dabbobi yake yi na haɗa bakin fatar da ta yage da zare da allura domin ta warke da wuri, gyaran fata kuma ana yin sa ne idan fatar ta tafi har babu abin da za a jawo a haɗa. A ƙauyukan Kano da Jigawa yawancin raunin da ake gani daga tunkuyi ne, ko langa-langa ta yanki sa, ko waya mai ƙaya, ko cizon kare, ko kuma wajen loda shanu a mota ranar kasuwa kamar Wudil da Maigatari.

Ba kowane rauni ake ɗinkewa ba, nan ne mutane suke rikici da likita. Raunin da yake sabo, bai wuce kamar awa 6 zuwa 8 ba, kuma babu datti sosai, toh wannan ana wanke shi a ɗinke nan take. Amma wanda ya kwana, ƙuda ya sauka a kai, ko cizon kare ne, in ka ɗinke ka kulle ƙwayoyin cuta a ciki kenan, bayan kwana biyu wurin ya kumbura ya tara mugunya zaren ya tsinke. Irin wannan barin sa ake a buɗe ana wankewa kwana 3 zuwa 5, in nama ya yi ja mai kyau sannan a ɗinka, wani kuma ba a ɗinka shi sam, da kansa yake cikowa daga ƙasa.

Wanki ya fi ɗinkin muhimmanci wallahi. Ana aske gashin kewaye, a kwarara ruwan gishiri mai yawa, giram 9 na gishiri a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, sannan a yanke mataccen nama har sai an ga jini na tsattsafowa. Abin da yake ɓata aiki shi ne abin da aka riga aka zuba a gida, baƙin mai, toka, garin batir, har kashin shanu. Na taɓa ganin san huɗa da langa-langa ta yanka a cinya, mai shi ya cika wurin da baƙin mai don kar ƙuda ya sauka, sai da aka fi awa ɗaya ana gogewa, san yana nishi a kwance an ɗaure ƙafafunsa, ƙarshe ba a samu an ɗinka ba don bakin fatar ya riga ya mutu, a tsakiyar damina ya shafe makonni bai ja garma ba. Zuma kam likitoci ma suna amfani da ita a kan buɗaɗɗen rauni.

Kafin a fara ɗinki sai an kashe zafin wurin da allurar lidoken, dabbar da take fizge-fizge kuma a yi mata allurar zailazin mai sa barci ta lafa, amma saniya kaɗan take buƙata, kusan kashi ɗaya cikin 10 na abin da ake wa doki, shi ya sa wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Naman ciki ana ɗinka shi da zaren da yake narkewa, kamar katgot da ake yi da hanjin tumaki ko shanu, fata kuma da nailan wanda ake cirewa bayan kwana 10 zuwa 14. Idan akwai rami a ƙarƙashin fata sai a sa wata 'yar roba ruwa ya riƙa tsiyayewa.

Inda fata ta yi ƙaranci ana tsaga ta gefe don ta saki, ko a juyo wani yanki na kusa wanda bai rabu da jijiyar jininsa ba a rufe wurin. Kare fatarsa tana da saki, ƙafar doki kuwa daga gwiwa zuwa kofato babu rarar fata ko kaɗan, ga motsi, sai nama ya yi ta tsirowa ya wuce bakin rauni ya hana fata haɗuwa, dole a riƙa yanke shi ana naɗe bandeji. A nan ake yin dashen fata: a ɗebo 'yan ƙananan guntaye kamar ƙwayar dawa daga wuyan dokin, a huda ramuka cikin jan naman raunin a dasa su kamar dashen albasa, kowanne ya yi ta yaɗo har su haɗe. Manyan ayyuka irin wannan asibitin koyarwa na dabbobi ake kaiwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Doki da jaki ciwon sarƙewar haƙora yana saurin kama su ko da ƙusa ce kawai suka taka, don haka allurar kariyarsa tare take tafiya da ɗinkin. Bayan nan sai a ɗaure dabbar a turke wuri busasshe, a shafa maganin ƙuda a kewaye, a kuma leƙa safe da yamma, in an ji wari ko an ga tsutsa a kira likita a ranar.