Zaɓen Shugaban Ƙasa na Nijeriya na 1979

Zaɓen shugaban ƙasa na ranar 11 ga Agusta, 1979, shi ne karo na farko da 'yan Nijeriya suka zaɓi shugaba mai cikakken iko da ƙuri'unsu, bayan shekara 13 ta mulkin soja, a ƙarƙashin sabon tsarin mulkin da ya ɗauki salon Amurka. Jam'iyyu biyar hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa rajista. Alhaji Shehu Shagari na NPN, mai alamar gida da masara, ya sami ƙuri'a 5,688,857, sai Cif Obafemi Awolowo na UPN da 4,916,651, sannan Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP, da Malam Aminu Kano na PRP mai mabuɗi, da Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP.

Abin da aka fi tunawa da zaɓen shi ne rigimar lissafi. Doka ta ce rinjaye kaɗai bai isa ba, sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a biyu bisa uku na jihohi, waɗanda a lokacin 19 ne, adadin da ba ya rabuwa uku daidai. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu ya yi kaka-gida, abin da Shagari ya samu bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Awolowo ya dage cewa jiha ba ta gutsuruwa, don haka 13 ake buƙata, yayin da lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce jihohi 12 ne da biyu bisa uku na ta goma sha uku, wato Kano, kuma da wannan lissafin ƙuri'un da Shagari ya samu a can sun cika sharaɗin. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Shagari ranar 26 ga Satumba, Mai Shari'a Kayode Eso kuwa ya saɓa wa sauran alƙalan.

A tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa Zazzau da Katsina, jama'a sun raba ƙafa: Alhaji Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar da ke da magoya baya cikin malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya irin su Dokta Yusufu Bala Usman, ya ci kujerar gwamna, amma NPN ta mamaye majalisar jiha, wadda ta tsige shi a Yunin 1981.

Janar Olusegun Obasanjo ya miƙa wa Shagari mulki a Legas ranar 1 ga Oktoba, 1979.