Ma'anar "baƙin halittu masu mamaye teku" da aikin 'yan sa kai a gaɓa

Masana na kiran halitta "mai mamaya" ne idan ɗan Adam ya kai ta tekun da ba nata ba, ta hayayyafa, sannan ta fara ɓarna: ta cinye 'yan gida, ko ta ƙwace musu abinci da makwanci. Baƙunta kaɗai ba ta isa ba, sai an ga illa.

Yawancinsu jiragen dakon kaya ne ke kwaso su. Jirgi kan ɗebi ruwa a wata tasha don daidaita nauyinsa, ya je wata nahiya ya zubar, har da ƙwayaye da 'ya'yan halittun da ke ciki. Wasu kuma a jikin jirgin suke maƙalewa. Shi ya sa hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta amince da yarjejeniya kan wannan ruwa a 2004, ta fara aiki a 2017.

Koriyar ƙaguwar Turai ta isa misali. An gan ta a San Francisco ta Amurka a 1989, daga nan ta yi ta hawa arewa. Mace ɗaya kan ɗauki ƙwai har 185,000 a lokaci guda. Tana cin ƙananan halittu masu ƙwanso, tana tumɓuke ciyawar ruwan da 'ya'yan kifi ke fakewa a ciki. Teku ba ta da shinge. Da zarar irin wannan halitta ta kafu, fitar da ita sai dai addu'a.

A nan ne 'yan sa kai suka shigo, kuma a ganina aikinsu ya fi ƙarfin yabon da ake musu. A jihar Washington ta Amurka an kafa shirin Crab Team a 2015 don sa ido kan wannan ƙaguwa. Mutanen gari ne ake horarwa, su shiga taɓo idan ruwa ya janye, su ɗana tarko, washegari su dawo su ƙirga abin da ya shiga, su duba ƙwanson da ƙaguwa ta saɓe. Watanni kan wuce ba su ga baƙuwa ko ɗaya ba, kuma wannan ma sai an rubuta, domin shi ke nuna inda ba ta kai ba tukuna. A 2016 su ne suka fara kama ta a tsibirin San Juan da ke jihar.

Launi kan ruɗi mutum, don baƙuwar ƙaguwar ba kullum take koriya ba. Ƙayoyi biyar da ke gefen kowane ido ake ƙirgawa. Wanda bai samu horo ba, hoto ake so ya ɗauka ya tura wa hukuma, kada ya kashe ƙaguwar gida bisa kuskure.