Mai gyaran magana: mene ne aikinsa, kuma ina ake koyonsa?

Likita ne?

A'a, ba ya tiyata, ba ya rubuta magani, ko da yake ana yawan ganinsa a asibiti. Horarwa yake yi. Ana kawo masa mai in'ina, da yaron da ya cika shekara 2 bai fara haɗa kalmomi biyu ba, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana. Zai zaunar da yaro gaban madubi, ya nuna masa inda kan harshe ke taɓawa, su yi ta maimaitawa. Haɗiya ma tana cikin aikinsa, abin da mutane ba su cika sani ba. Majinyacin da ruwa ke sarƙewa, shi ke duba yadda yake haɗiya, ya ce ko a koma ba shi kunu mai kauri.

Muna da buƙatarsa a Sakkwato?

Ƙwarai kuwa. Sanƙarau kan bar yaro da kurumta, wanda kuma bai ji ba da wuya ya furta. Ga Asibitin Noma da aka buɗe a 1999, inda ake gyara fuskokin yaran da noma, wata cuta mai cin nama, ta ci wa baki. Tiyata na rufe ramin, amma buɗe muƙamuƙi, tauna da fitar da sauti sai an sake koya. Haka ma yaron da aka ɗinke wa tsagaggen leɓe ko ganɗa.

In yaro na in'ina, iyaye da yawa wurin wanzami suke fara zuwa a yanke masa linzamin harshe. In'ina dai ba a ƙarƙashin harshe take ba, aska ba ta kai gare ta.

Ina ake karatun?

Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da shi tare da ilimin ji, a sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Ɗalibi zai karanta tsarin maƙogwaro da kunne da ƙwaƙwalwa, da ilimin furuci, sannan ya yi aiki da majinyata ƙarƙashin kulawa. Lasisi kuwa daga MRTB, hukumar da ke kula da masu aikin farfaɗo da majinyata, yake fitowa, wadda aka kafa a 1988, ita ce kuma ke rajistar masu gashin ƙashi. A Amurka sai da digiri na biyu da awa 400 na gwajin aiki.

To me zai sa ɗan Sakkwato ya shiga?

Saboda aikin da harshen majinyaci ake yinsa. Tsohuwar da ta zo daga Illela ba za a gwada ta da Turanci ba. Ko Hausar ma, wanda ya saba da ta Kano kaɗai zai iya jin yaro ya ce "hwari" maimakon "fari" ya rubuta cewa yana da matsalar furuci, alhali haka uwarsa da kakarsa ke faɗa. A ganina, ɗalibin kimiyya da bai samu gurbin likitanci ba ya kamata ya duba nan kafin ya sake zaman JAMB. Sai dai ya shirya haƙuri, don sauti guda na iya cin watanni kafin ya zauna a bakin yaro.