Mamin: kalmar da ake jifan kowane mawaƙi da ita

Yanzu duk inda ka juya sai ka ji mamin. Yarinya ta ɗora waƙa a TikTok tana motsa baki, an ce mamin. Mawaƙi ya hau dandamali a gidan biki, mai sauti ya saki faifai, shi kuma yana riƙe da makirfo yana bi, an ce mamin. Waɗannan biyun babu gardama. Amma abin ya zarce. Mawaƙin da wani ya rubuta masa baitoci, mamin yake yi. Wanda aka haɗa masa kiɗa da kwamfuta a sutudiyo, shi ma mamin. Har ɗan siyasar da ya karanta jawabin da aka rubuta masa, sai ka ji mai sharhi a rediyo ya ce ai mamin ya yi mana. Kalmar ta tashi daga sunan wani aiki takamaimai, ta koma zagi.

Daga Turanci muka aro ta, wasu ma maimin suke cewa, kuma ma'anarta ba ta da faɗi: sauti yana fitowa daga abin da aka riga aka naɗa, mutum kuma yana motsa baki ko hannu kamar shi ke fitar da shi a lokacin. Iyakarta ke nan. Ba ta gaya maka wanda ya rubuta waƙar, ba ta gaya maka wanda ya kaɗa, ba ta ma gaya maka muryar da ke cikin faifan ta wace ce. Tambayoyi ne daban-daban, kuma cuɗe su wuri ɗaya shi ne abin da ke ɓata mini rai, domin da wannan cuɗanyar ake zaluntar masu aiki, maƙaryata kuma su samu inda za su ɓuya.

Ban san wasu mawaƙa da wannan ruɗanin ya bi har kabari kamar ƙungiyar Monkees ta Amurka ba. Da Davy Jones, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar huɗu, ya rasu ranar 29 ga Fabrairu, 2012, a jihar Florida, yana da shekara 66, tsohuwar maganar ta taso: ai ba mawaƙa ba ne, 'yan wasan talabijin ne. Ta sake tasowa da Peter Tork ya rasu a 2019, ta kuma dawo da Michael Nesmith ya bi su a Disambar 2021. Micky Dolenz ne kaɗai ya rage.

Gaskiya ne haɗa su aka yi. Bob Rafelson da Bert Schneider sun ga yadda matasa suka haukace a kan Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, sai suka tsara shirin barkwanci a kan wasu samari huɗu masu neman suna a waƙa. A Satumbar 1965 suka buga talla a jaridun Hollywood, mutum 437 suka nema. Jones ɗan Manchester ne, ɗan gajere, ya taɓa koyon sukuwar doki kafin ya koma wasan dandamali, kuma yana cikin waɗanda suka yi waƙa a shirin Ed Sullivan ranar 9 ga Fabrairu, 1964, daren da Beatles suka fara bayyana a shirin. Dolenz ya yi wasan talabijin tun yana yaro. Tork ya fito daga cikin mawaƙan gargajiyar Amurka na unguwar Greenwich Village a New York, ya iya jita da banjo da fiyano. Nesmith ɗan Texas ne, yana rubuta waƙoƙinsa tun kafin a ɗauke shi. Gidan talabijin na NBC ya fara nuna shirin ranar 12 ga Satumba, 1966, aka yi kashi 58 kafin a tsayar da shi a 1968, kuma a 1967 ya ci lambar Emmy ta shirin barkwanci mafi kyau.

To a ina maminsu yake? A cikin shirin talabijin ɗin yake, babu musu. Za ka gan su riƙe da jita, Dolenz yana kan ganga, amma sautin an naɗe shi tuntuni. Sai dai a wancan zamanin haka kusan kowa yake yi a talabijin, a Amurka da Ingila, domin ya fi sauƙi ga masu ɗauka. Muryar da ke cikin faifan kuwa tasu ce. Dolenz ne ya ja waƙoƙinsu biyu na farko da suka kai matakin ɗaya a jerin waƙoƙin Amurka, Jones ne ya ja "Daydream Believer" a 1967. Wani lokaci ana sa wasu su yi amshi, amma jagoran waƙa ɗan ƙungiyar ne. Abin da ba su yi ba a faifansu biyu na farko shi ne kiɗa. Don Kirshner, wanda aka damƙa wa harkar waƙoƙin, ya ɗauko marubuta irin su Tommy Boyce da Bobby Hart, Neil Diamond, Carole King da Gerry Goffin, ya ɗauko ƙwararrun makaɗan sutudiyo, su kuma samarin a kira su su zo su ɗora murya su koma wurin ɗaukar shiri. Wannan ba mamin ba ne. Rabon aiki ne, kuma Monkees ba su suka fara shi ba. Makaɗan Los Angeles da ake yi wa laƙabi da Wrecking Crew su ne suka kaɗa yawancin kiɗan fitaccen faifan Beach Boys na 1966. A waƙar da ta fito da ƙungiyar Byrds a 1965, mutum ɗaya ne cikinsu ya taɓa kayan kiɗa. Kamfanin Motown na Detroit yana da makaɗansa na gida, su ke kaɗa wa taurarinsa, ba a kuma rubuta sunansu. Babu wanda ya kira waɗannan 'yan bogi. Bambancin kawai, Monkees an ga ranar da aka haɗa su.

Mu da muka tashi da waƙar Shata bai kamata wannan ya rikita mu ba. Alhaji Mamman Shata ba shi ke kaɗa kalangunsa ba, yana da makaɗa da 'yan amshi, shi murya da baiti ne nasa. Ɗan Maraya Jos kuwa shi ke kaɗa kuntiginsa, shi ke waƙarsa. Wa ya taɓa cewa Ɗan Maraya ne mawaƙin gaske, Shata na bogi ne, don kawai bai rataya kalangu ba?

Abin da ya fi burge ni a labarin Monkees shi ne su da kansu ne suka tayar da rigimar. Tun Disambar 1966 suka fara wasa a gaban jama'a a Honolulu, su huɗu, suna kaɗa wa kansu, Dolenz yana dukan gangar da bai daɗe da koyo ba. A Janairun 1967 Kirshner ya saki faifansu na biyu ba tare da sun sani ba, sai a kanti suka gan shi. Nesmith ya fito ya gaya wa 'yan jarida cewa ba su ne suke kaɗawa a faifan ba. Aka zauna da shi a wani otal a Beverly Hills, lauyan kamfani ya tuna masa da yarjejeniyar da ya sa wa hannu, shi kuwa ya kai wa bango naushi har ya huda shi. A watan Fabrairu aka sallami Kirshner. A watan Mayu suka fitar da faifan Headquarters, wanda su suka kaɗa kusan komai a cikinsa. Ya hau matakin ɗaya, mako guda ya yi, sabon faifan Beatles ya zo ya ture shi. Duk da haka faifansu huɗu ne suka kai matakin ɗaya a Amurka cikin shekarar 1967 kaɗai. Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa, wai a shekarar sun fi Beatles da Rolling Stones ciniki idan an haɗa su. Kada ka ɗauka. Nesmith ya faɗa daga baya cewa shi ya ƙirƙiro ta ya gaya wa wani ɗan jarida a Ostireliya, don ya ga ko za a buga, aka kuwa buga.

Wanda ke neman mamin na yaudara, ya tafi wajen Milli Vanilli. Samari biyu ne, Rob Pilatus da Fab Morvan, masu kyan sura da iya rawa, wani furodusa Bajamushe mai suna Frank Farian ya ɗauke su. Ko kalma ɗaya ba su rera ba a faifan da ya yi musu suna. Wasu ne suka yi waƙar a ɓoye, aka liƙa fuskar waɗannan a bango. A 1989, suna tsakiyar wasa a jihar Connecticut, faifan ya maƙale yana ta maimaita layi ɗaya, Pilatus ya gudu daga dandamali. Duk da haka aka ba su lambar Grammy a Fabrairun 1990. A watan Nuwamba Farian da kansa ya tona asiri, aka ƙwace lambar. Pilatus bai sake miƙewa ba, ya rasu a 1998. A nan an yi mamin, an yi shi da muryar wani, an kuma ɓoye. Na ukun nan ne laifin. Idan ka kira Davy Jones da Rob Pilatus da suna ɗaya, ka rage wa Farian nauyin abin da ya aikata.

Ɓoyewar ce laifi, shi ya sa ban taɓa ganin aibun abin da ake yi a finafinan Indiya ba. Jaruma tana motsa baki, Lata Mangeshkar ce ke waƙa. Jarumi yana rawa, muryar Mohammed Rafi ce. Kowa ya sani, sunansu yana rubuce, kuma sun fi jarumai da yawa daraja. Wannan tsarin ne Kannywood ta ɗauka, jarumi ya hau waƙar da irin su Nura M. Inuwa ko Fati Nijar suka rera a sutudiyo. Mamin ne tsantsa, kuma sana'a ce, domin ba kowa ne zai iya sa bakinsa ya dace da numfashin wani ba. Inda nake da magana shi ne idan waƙa ta yi tashe, aka riƙa kiranta da sunan jarumar da ta hau ta, mai muryar kuwa an biya ta kuɗin rana ɗaya an sallame ta. Masu ihun mamin ba su cika tsayawa a nan ba, alhali nan ne ake cin haƙƙi.

Na gidan biki kuwa, ra'ayina bai da daɗi. Idan an biya mawaƙi don ya zo ya yi waƙa, ya zo ya saki faifai yana ɗaga hannu yana cewa "ku tafa", to ya sayar da abin da bai kawo ba, ko da muryar tasa ce a faifan. Wasu za su ce kayan sauti ba su da kyau, ɗaukar makaɗa kuma tsada gare shi. Na yarda. To a faɗa tun wajen ciniki. Jones dai, wanda aka shekara arba'in ana ce masa ɗan talabijin, har watan da ya rasu yana hawa dandamali yana waƙa da bakinsa.

Gadon da Monkees suka bari ya fi ƙarfin zagin. Yadda shirin yake saka waƙa a kan hotuna masu gudu, ana yanka su da sauri, shi ne tsarin da bidiyon waƙa ya ɗauka daga baya. Nesmith ya ci gaba a wannan layin, har ya zama wanda ya fara cin Grammy ta bidiyo a 1982. Da tashar waƙoƙi ta MTV ta sake nuna shirin a 1986, 'ya'yan waɗanda suka kalle shi da farko suka cika wuraren wasansu. Har fitaccen mawaƙin Ingila David Bowie yana da alaƙa da labarin, domin sunansa na yanka David Jones ne, ya canza shi don kada a riƙa rikita shi da Davy. Amma har yanzu ba a shigar da Monkees zauren girmama mawaƙan rok da ke Cleveland ba, kuma ina zargin wancan tsohon tambarin ne yake binsu.

Shi kuwa Kirshner, da aka kore shi, sai ya nemi mawaƙan da ba za su iya naushin bango ba. Ya koma kan Archies, ƙungiyar da zanen katun ce zalla, babu ɗan Adam ko ɗaya a cikinta. Waƙarsu ce ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin Amurka na shekarar 1969 gaba ɗaya. Wani mawaƙi mai suna Ron Dante ne ya rera ta, kuma ba a gabatar da shi ga masu saye a matsayin mai muryar ba.