Na'urar Esfireso ta Gida Mai Injin Niƙa

Na'urar esfireso mai injin niƙa kayan haɗa kofi ce da ta tara ayyuka biyu a jiki ɗaya: tana niƙa gasassun ƙwayoyin kofi, sannan ta tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin. Abin da ke fita shi ake kira esfireso, kofi ɗan kaɗan mai kauri, da kumfa mai launin zuma a samansa. A jihohin Kebbi da Zamfara, inda shayi da kofin gwangwani suka fi jinin jama'a, ba kowane gida ake ganinta ba. Galibin matsalolin da masu ita ke kuka da su ba daga lalacewar na'urar suke zuwa ba. Daga niƙa suke, ko ruwa, ko wutar lantarki.

Asali

A Italiya aka ƙirƙiro ta. Angelo Moriondo na birnin Turin ya yi rajistar wata na'urar kofi mai aiki da tururi a 1884, Luigi Bezzera na Milan ya inganta ta a 1901. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Achille Gaggia ya fito da mai hannun dannawa, wadda matsinta ya haifar da kumfar da aka san esfireso da ita. A 1961 kamfanin Faema ya fitar da samfurin E61 mai famfon lantarki. Na gida masu injin niƙa sun zo daga baya. Cikin sanannu akwai Barista Express na kamfanin Breville na Ostiraliya, wanda ake sayarwa da sunan Sage a Ingila, da La Specialista na De'Longhi.

Yadda take aiki

A sama akwai mazubin ƙwayoyi, ƙarƙashinsa haƙoran ƙarfe biyu masu murƙushe su. Garin yana zuba cikin wani ludayin ƙarfe mai rariya a ciki. Sai a baje shi, a danne da madanni, a ɗaura ludayin a bakin na'ura. Famfo yana jan ruwa daga tanki, ya bi ta cikin abin ɗumamawa, ya sauka a kan garin da matsin kusan bar 9 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), zafinsa tsakanin digiri 90 da 96.

Ma'aunin da aka saba farawa da shi: giram 18 na gari ya ba da giram 36 na kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Ba doka ba ce, amma wanda bai da ƙaramin sikeli lalube kawai zai yi ta yi.

Saita niƙa

Nan ne aikin yake. Garin shi ne ke tare ruwa. In ya yi tsaki-tsaki, ruwan zai wuce da gudu cikin daƙiƙa goma, kofin ya fito salam da tsami. In ya yi laushi fiye da kima, sai ya riƙa ɗiga da ƙyar, ya fito baƙi ƙirin da ɗaci, wani lokaci ma ya ƙi fita sam. Don haka tsami na nufin a ƙara laushi, ɗaci kuma a rage. Ana motsa maɓallin niƙa mataki ɗaya ko biyu, kuma a zubar da ɗan garin farko, domin ragowar tsohon saiti kan maƙale a cikin haƙoran. Kuskuren da aka fi yi shi ne canza laushi da yawan gari da ƙarfin danni duk lokaci guda. Mai yin haka ba zai taɓa gane wanne ne ya gyara ko ya ɓata ba.

Akwai kuma kofi mai tsami da ɗaci a haɗe. Wannan alama ce ta cewa ruwa ya huda hanya ɗaya a cikin garin ya bar sauran, saboda an danne shi a karkace ko akwai dunƙule. Maganinsa a warware garin da siririyar allura kafin a danne, a kuma daidaita madannin. Daidaito ya fi ƙarfi amfani.

Saitin ba ya zama wuri ɗaya. Ƙwayar da aka gasa kwanan nan tana ɗauke da iskar da ke kumbura kumfa. Tana tsufa tana buƙatar ƙarin laushi. Zafin watannin Maris da Afirilu, da kan haura digiri 40 a Birnin Kebbi da Gusau, yana saurin kashe ƙamshi, shi ya sa ya fi kyau a ajiye ƙwayar a rufaffen mazubi a wuri mai sanyi, a riƙa ɗibar na yini. Da hunturu kuwa, bushewar iska kan sa garin ya riƙa tashi yana mannewa ko'ina. Ɗigon ruwa ɗaya tak a gauraya da ƙwayar kafin niƙa yana kwantar da shi.

Masu son gahawa mai citta da kanumfari su zuba su a kofi bayan an haɗa. Kayan ƙamshi ko garin kofi a cikin mazubi toshe haƙoran suke yi, ƙamshinsu kuma ba ya fita. Ƙaramar tsakuwa cikin ƙwayar da ba a tsince ba ta isa ta karya haƙoran.

Wutar lantarki

Irin waɗannan na'urori na cin wat 1,300 zuwa 1,850, don haka ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, kuma ba kowace inbatar sola ba. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Wadda aka ƙera don Ingila tana shiga kai tsaye, har filoginsu ɗaya, amma ta Amurka bolt 120 ce, jona ta ba tare da taransifoma ba ƙone ta ne. Idan wuta ta zo da rauni, ruwan ba ya yin zafi sosai, kofi ya yi tsami, mai shi ya ɗora wa niƙa laifi. Sitabilaiza mai ƙarfin da ya zarce na na'urar na rage wannan.

Ruwa da wanki

Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama na ɗauke da ma'adinan da ke barin farin ɓawo idan an tafasa. Gindin butar shayi shi ne gwaji: in ya yi fari, haka cikin na'urar zai yi, kuma bututunta siriri ne. Alamominsa raguwar ruwa, raunin tururi da canjin ƙarar famfo. Ana narkar da shi da maganin da kamfani ya tanada ko ruwan sitirik asid, sinadarin tsami irin na lemun tsami, a bi da tsabtataccen ruwa har tanki guda ko biyu. Tacewa da ƙyalle na cire laka ne kawai, ba ta cire ma'adinan.

Maiƙon kofi wani datti ne daban. Na'urori da yawa na zuwa da faifan roba da ƙwayar wanki da ake sawa a ludayi, ruwan ya koma baya ya wanke ciki. Haƙoran niƙa kuwa buroshi ake sa musu, ba ruwa ba, bayan an cire filogi.

Idan ruwa na tsiyaya ta gefen ludayi, ko gari ya yi yawa, ko zoben robar da ke bakin na'ura ya bushe, kuma sauya shi ba wuya. Idan famfo na ƙara ruwa bai fito ba bayan tanki ya ƙare, iska ce ta shiga. A cika tanki a buɗe bututun tururin da ake ɗumama madara da shi har ruwa ya biyo.

Madara

Bututun tururi na ɗumama madara zuwa digiri 60 ko 65 yana kumfa ta. Madarar shanu ɗanya sai an tafasa ta huce tukuna. Ta gari ma tana yi idan an dama ta da ruwan sanyi. Kindirmo tsinkewa yake yi. Ana goge bututun da jiƙaƙƙen tsumma nan take, a saki tururi kaɗan, don madarar da ta bushe a hudarsa sai an sa allura.

Kofi ɗaya na esfireso, mililita 30, na ɗauke da kusan miligiram 63 na kafin, sinadarin da ke hana barci. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sa miligiram 400 a yini a matsayin iyakar baligi mai lafiya, 200 ga mai juna biyu.