Shakazobar keken lantarki

Shakazoba ita ce na'urar da ke shanye jijjigar hanya kafin ta kai ga hannu da ƙugun mahayi. Sifirin na ƙarfe ko matsattsiyar iska ke karɓar bugun, man da ke ciki kuma ya hana ta dawowa da ƙarfi. Kamfanin RockShox na Amurka, wanda Paul Turner ya kafa a 1989, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa ta a kekunan hawan dutse.

Keken lantarki ya fi keken feda buƙatarta saboda nauyi da gudu. Batir da inji kan kai shi kilo 20 zuwa 30, kuma wanda aka ƙera bisa ƙa'idar Turai injinsa kan tura har kilomita 25 a awa. Ramin da mai feda zai lallaɓa ya wuce, mai lantarki da gudu yake faɗa masa.

Akwai keke marar shakazoba, akwai mai ta gaba kawai, akwai kuma mai gaba da baya. Ana auna ta da nisan da take lotsawa: ta kekunan cikin gari kan lotsa milimita 50 zuwa 80, ta hanyar daji 100 zuwa 150, ta gangaren dutse kuwa har 200.

Sakkwato da kewayenta ba ƙasar manyan duwatsu ba ce, don haka ba kasafai ake buƙatar wannan ta ƙarshe ba. Ɗalibin da ke bin kwalta daga Runjin Sambo zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo, gajeriyar ta gaba ta ishe shi. Mai shiga ƙauyukan Kware ko Wamakko ta hanya mai gargada, balle in yana ɗaura kaya, ya fi dacewa da mai milimita 100, ya ƙara da sirdi mai sifirin. A cikin rairayi dai shakazoba ba ta da wani tasiri. Faffaɗar taya da aka rage wa iska ce ke hana keke nutsewa, abin da masu saye da yawa ba sa lura da shi.

Mai gaba da baya ya fi daɗin hawa, amma ya fi tsada da nauyi, kuma gaɓoɓinsa da ke motsi sun fi yawa. Ƙurar hunturu kan manne wa sandunan shakazoba, ta cinye robar da ke tare mai, har ya fara yoyo. RockShox na ba da shawarar a buɗe ƙasan ta gaba a sake mai bayan kowace awa 50 ta hawa. Mai sifirin na ƙarfe ta fi jure sakaci. Ta iska ta fi sauƙin daidaitawa da nauyin mahayi, sai dai tana son famfo na musamman, ba irin na mai faci ba. Ana saita ta yadda in mahayi ya zauna za ta lotsa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nisanta.