Koyar da karatu da littafin kogi a makarantun Damagaram

Koyar da karatu da littafin kogi dabara ce ta malaman firamare, inda ake ɗora darasin karatu a kan littafin bayani maimakon tatsuniya ko ƙagaggen labari. Littafin bayani shi ne wanda abin da ke cikinsa ba ƙirƙira ba ne: daga ina kogi ya faro, waɗanne ƙasashe ya ratsa, wane kifi ke cikinsa, da me mutanen bakinsa ke ci. Yaro yana koyon haɗa baƙi da wasali, yana kuma ƙara sanin ƙasarsa. A Damagaram, wato Zinder, dabarar tana da nata cikas, domin garin ba a bakin kogi yake ba. Yaron da aka haifa a unguwar Birni ko ta Zango yana iya gama firamare bai taɓa ganin ruwan da ke gudu rani da damina ba.

Tarihin karatun yara a garin

Karatu ya riga boko zuwa Damagaram da nisa. Tun zamanin sarakuna, musamman Tanimun ɗan Sulaiman wanda ya yi sarauta daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajen 1884, garin matattarar malamai ne da almajirai. A makarantar allo yaro yana farawa da babbaƙu, wato sanin baƙaƙe tsirara, sai farfaru inda ake sa musu wasali, sai haɗɗatu inda yake iya haɗa su ya ja karatu da kansa. Wannan tsari na tashi daga ƙaramin sauti zuwa kalma yana kama da abin da masana karatu na zamani ke ba da shawara a kai, ko da yake ba kasafai ake faɗin haka a littattafan horar da malamai ba.

Sojojin Faransa sun kama garin a 1899, kuma daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin mulkin mallaka kafin a mayar da shi Yamai. Lakwal ɗin da suka kawo, wato makarantar boko, da Faransanci zalla take koyarwa, haka kuma ta ci gaba bayan samun ƴancin kai a 1960. Yaron da bai san kalma ɗaya ta harshen ba shi ake sa ya koyi karatu a cikinsa, sai ya zama yana fama da abu biyu lokaci guda.

A 1966 aka yi taron Bamako kan daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da harshen gida tare da Faransanci, kuma a Damagaram aka buɗe ta, da Hausa. Daga baya gwajin ya kai ga wasu harsuna kamar Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar a 1999, sannan dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. A watan Maris na 2025 sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk da wannan tarihi, binciken 2014 na PASEC, shirin da ke auna ilimin ɗalibai a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ɗaliban ajin ƙarshe na firamare a Nijar ne suka kai matakin da ake so a karatu.

Asalin dabarar

Mafi yawan binciken da aka dogara da shi a Amurka aka yi shi. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie sun ba yara wani rubutu kan wasan ƙwallon sanda, wato baseball, sai suka ga masu rauni a karatu amma sun san wasan sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba fahimtar rubutun. A 2000 Nell Duke ta auna azuzuwan farko, ta samu cewa minti 3.6 kacal a rana ake yi da rubutun bayani. Tsarin tambayoyi uku da malamai da yawa ke amfani da shi, wato me muka sani, me muke so mu sani, me muka koya, Donna Ogle ce ta fito da shi a 1986.

Kogin da ake karantawa

A Nijar, idan aka ce kogi, Kwara ake nufi, wanda Zabarmawa ke kira Isa Beri, Mandinkawa kuma Joliba. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 4,200, shi ne na uku a Afirka bayan Nilu da Kwango. Ya faro daga tsaunukan Gine, nisan da bai kai kilomita 250 ba daga teku, amma sai ya juya wa tekun baya ya nufi hamada. Ya bi ta Bamako, Segu da Mopti, ya wuce kusa da Tumbuktu, ya karkato ta Gao ya shigo Nijar. A cikin ƙasar yana tafiyar kimanin kilomita 550 ta Tillaberi, Yamai da Gaya, kafin ya shiga Najeriya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya faɗa teku. Daga Damagaram zuwa gaɓarsa a Yamai tafiyar wajen kilomita 900 ce a mota.

Akwai wani hali na kogin da ya dace da aji ƙwarai. A Yamai sau biyu yake cika: da damina, wajen Agusta da Satumba, lokacin da ruwan yankin ke kawo jan ruwa, sannan kuma da sanyi, wajen Disamba da Janairu, ba a yi ko yayyafi ba. Dalili shi ne ruwan da ya sauka a Gine yana daɗewa a shimfiɗaɗɗiyar fadamar tsakiyar Mali kafin ya iso. Wannan batu yana tilasta wa yaro bin dalili da sakamako a cikin jumloli, abin da tatsuniyar Gizo ba ta cika buƙata ba.

Yadda darasin ke tafiya

Malamin da ya san aikinsa ba ya farawa da Kwara. Yana farawa da ruwan da yara suka sani: ƙoramar da ke cika bayan an yi ruwa ta ƙafe kafin kwana biyu, kududdufin bayan gari inda ake yin tubali, tafkin Gidimuni, fadamun Korama na wajen Matamai da Magariya inda ake noman rake. Hausa tana da wadatar kalmomi a nan, kogi, gulbi, rafi, ƙorama, tafki, fadama, kuma bambance su shi kansa darasi ne. Yaron da danginsa ke Maraɗi ya san Gulbin Maraɗi, wanda ke zuwa Difa ya san Kumadugu, amma dukansu biyun ba sa gudu shekara cur, don haka ba su warware matsalar ba.

Mushe ko madam, wato malami ko malama, ya ɗaga littafin ya nuna bango, ya ce, "Yara, me kuka gani?" Wani ya ɗaga yatsa ya ce, "Mushe, tafki ne." Ba a ce masa ya yi kuskure. Ana rubuta amsar a tablo ƙarƙashin "abin da muka sani", a bar littafin ya gyara ta da kansa idan aka kai shafin da ya ce ruwan kogi tafiya yake yi daga tudu zuwa gangare. Wasu malaman kan fita tsakar makaranta da buta, a ja layi mai lanƙwasa a kan yashi, a zuba ruwa, a sa tsakuwa a matsayin Bamako, Yamai da Lakwaja.

A ajin CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, nauyin yana kan gaɓoɓin kalma. Ana tafa hannu a kan ru-wa, ko-gi, ki-fi, do-ri-na, sannan a hau masu wuya irin gul-bi, taf-ki da tar-wa-ɗa, kowa ya rubuta a ardwaz ɗinsa, wato ɗan allon hannu, ya ɗaga. Kalmomin kogi suna da amfani wajen koyar da baƙaƙe masu lanƙwasa. Gaɓa ta kogi daban take da gaba, kada daban da kaɗa, kuma yaron da ya bar ƙugiyar ya canza ma'ana. Ita kanta "kada" tana iya zama dabbar ruwa ko kalmar hani, tunda rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, sai jumla ta raba gardama. A ƙa'idar Nijar ana rubuta ƴ inda Najeriya ke sa waƙafi a gaban y, abin da kan rikita yara idan littafin daga Kano ya zo.

Daga CE1, wato aji uku, ake koyar da sassan littafin: jerin abin da ke ciki, kanun babi, taswira, ɗan rubutun ƙasan hoto. Ana nuna wa yaro cewa irin wannan littafi ba dole a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Mai neman sanin koma da tarun masunta sai ya duba jeri ya tafi shafinsa kai tsaye. Daga ƙarshe kowa ya rubuta jumla ɗaya ko biyu a kaye kan abin da bai sani ba da safe.

Inda littafi ɗaya ne ga aji duka, malami kan kwafe sakin layi a tablo, a karanta tare, sannan layi-layi, sannan ɗaya-ɗaya.

Saɓanin ra'ayi

Ana saɓani kan harshen farawa. Wasu iyaye na ganin lokacin da aka ba Hausa an rage shi ne daga na Faransanci, masu goyon bayan harshen gida kuma na cewa wanda ya iya karatu da harshensa ya fi saurin iya shi da wani. Akwai kuma masu ganin littafin rijiya, fadama ko gero ya fi dacewa da ajin farko a Damagaram, a bar Kwara sai CE2, wato aji huɗu, lokacin da yara suka fara karanta taswira.